Tambaya da Amsa: Me ke sa gawa ta sandare?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Kawuna ya rasu da daddare, da safe da muka zo wanka hannunsa ya ƙi lanƙwasuwa, har wasu na ta ƙus-ƙus wai alamar mugun ƙarshe ce. Abin ya tsaya min a rai wlh. Likitoci sun san dalili? Kuma ta yaya ma suke bincikar irin wannan? Daga wani ɗalibi, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan kawu ya sa ya huta. Ka kwantar da hankalinka, wannan sandarewar kowane jiki na yinta, har ragon layya, tambayi mahautan babbar kasuwa ka ji. Tsoka tana da wani makamashi da ake kira ATP, shi ke sa zarurrukanta su saki juna, to in numfashi ya tsaya makamashin sai ya ƙare, zarurrukan su maƙale. Tana farawa ne kamar awa 2 zuwa 6 bayan cikawa, daga muƙamuƙi da wuya ta gangaro ƙasa, ta kai maƙura wajen awa 12, bayan kwana 1 ko 2 jiki ya sake saki. Zafi yana gaggauta ta, kaga ko a zafinmu na watan Afirilu ba sai an faɗa ba. Shi ya sa manya ke ɗaure haɓa su lallanƙwasa gaɓoɓi tun jiki da ɗumi.

Bincike kuwa galibi da dabbobi ake yi, ɓera ko alade ko saniya. Ana yanko ɗan tsinken tsoka a ajiye a akwati mai zafi tsayayye, duk bayan ƴan awanni a gutsuri kaɗan a auna tsaminsa, sai aga lambar ma'aunin tsami da ake kira pH ta sauko daga wajen 7 zuwa 5.5, wato tsamin ya ƙaru kenan. A 1963 masu bincike a Niyu Zilan sun gano naman shanu in aka sanyaya shi da gaggawa tun bai sandare ba sai ya takure yayi tauri, to masu jefa ɗanyen nama a firigo da zafinsa ku ji. A jami'ar Salzburg ta Ostiriya kuma cinyoyin alade suka ajiye kwana da kwanaki suna bin yadda furotin ke rugujewa ɗaya bayan ɗaya, don likita ya iya ƙiyasta lokacin da mutum ya cika.

Kawu da dare ya rasu kuka wanke shi da safe, daidai lokacin da sandarewar ke kan ganiyarta kenan.