Malamin Turanci a ƙauye: ta ina zai shiga harkar ilimin duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Turanci ne a wata sakandaren gwamnati a yankin Maigatari, shekarata bakwai ina koyarwa da takardar NCE. Ina jin ana maganar ilimin duniya da malaman da ake kaiwa ƙasashen waje ƙaro sani, kuma abin yana ba ni sha'awa. Amma makarantarmu ba wuta, intanet sai ta wayata, aji kuma ya haura ɗalibai 80. Shin mai irin halina yana da hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai hanya, sai dai ya kamata mu fara raba abu biyu da mutane ke cuɗawa: fita waje ƙaro sani daban, ilimin duniya daban. Shi ilimin duniya manufarsa ɗalibi ya gane yadda rayuwar garinsu ke ɗaure da ta mutanen da bai taɓa gani ba, ya kuma iya magana da su cikin mutunci ba tare da ya raina nasa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan a cikin muradun ci gaba 17 da ta amince da su a 2015, ƙarƙashin muradi na huɗu da ya shafi ilimi, amma malamai na gari sun daɗe suna yin sa tun ba a raɗa masa suna ba.

A ganina, kai da ke Maigatari ka fi malamin birni kayan aiki. Zoɓon da iyayen ɗalibanka ke nomawa, bayan an tsince shi an ɗura a buhu, wani kaso nasa har Meziko yake kaiwa, inda ake jiƙa shi a sha kamar yadda muke yi. Riɗinmu yana zuwa Japan da Turkiyya. Ranar Alhamis kuwa kasuwar garinku tana cika da fatake daga Nijar, ana ciniki da Hausa, ana lissafi da naira da sefa. Ka sa yaro ya je ya tambayi dillalin zoɓo nawa ake sayen buhu a ƙauye, da inda motar take nufa idan ta tashi, sannan ya dawo ya rubuta sakin layi uku da Turanci. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, sau da yawa a irin wannan darasi take buɗe baki, domin da hannunta ta ɓare zoɓon, ta fi littafin sanin abin da ake magana a kai. Haka nan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru sun isa darasin taswira da na rubutu a zama guda.

Kada ka ji tsoron cewa wannan zai ɗauke ka daga manhaja. Jarrabawar WAEC da NECO suna tambayar rubuta wasiƙa da insha'i da taƙaita bayani, kuma duk waɗannan ne kake horar da su. Idan ka samu malami a Gana ko Kenya da zai yarda ku riƙa musayar wasiƙun ɗalibai, waya ɗaya ta isa: yara su rubuta a takarda rukuni-rukuni, ka ɗauki hoton guda goma ka tura, amsa ta zo ka karanta musu. Amma ka fara sanar da shugaban makaranta da iyaye, ka bar musayar ta tsaya tsakanin malami da malami, kada ka fitar da hoton ɗalibi ko lambar gidansu. A karkara amanar iyaye ita ce jarin malami, idan ta zube da wuya ta kwasu.

Sai batun takardu, wanda a nan ba zan ɓoye maka ba: NCE kaɗai za ta taƙaita ka. Ka nemi digirin koyar da Turanci, ko a Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya idan barin aiki zai yi maka wuya, kuma ka tabbata rajistarka da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, tana nan daram. Kafin nan, shafin TeachingEnglish na British Council yana da kwasa-kwasai kyauta da ake iya bi ta waya.

Bayan digiri ƙofofi suna buɗewa. Shirin Fulbright na malaman sakandare ya saba kai malamai jami'o'in Amurka horon mako shida, kuma ta ofishin jakadancin Amurka ake sanar da shi. Shirin Chevening na Birtaniya tallafin karatun digiri na biyu ne na shekara guda, yana neman gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu bayan kammala digirin farko. Masu tantancewa a irin waɗannan shirye-shirye suna son jin abin da ka yi da ɗan abin da ke hannunka, da abin da za ka dawo wa makarantarka da shi. Peter Tabichi, wanda ya ci babbar lambar malamai ta duniya a 2019, a lokacin a wata makarantar ƙauye yake koyarwa a yankin Nakuru na Kenya. Don haka tun yau ka ware littafi guda, ka riƙa rubuta kowane darasi da kwanan wata, ka ajiye wasiƙun yara na farkon zango da na ƙarshensa, domin su ne shaidarka ranar cika fom.

Neman shiga shirye-shiryen nan biyu kyauta ne. Duk wanda ya turo maka saƙo ta WhatsApp yana neman kuɗin fom ko na sama maka gurbi, ɗan damfara ne, ka share shi ka koma shafin masu shirin na ainihi.