Abin da ke sa wasan maza a Wimbledon daɗewa

Malam, ka tambaya me ya sa wasan tanis na maza, ɗaya da ɗaya, ke cin lokaci a gasar Wimbledon ta Ingila, har mutum ya je sallah ya dawo ya tarar ana ta bugawa.

A manyan gasa huɗu, na Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka, sai namiji ya ci zango uku cikin biyar, mata kuwa biyu cikin uku. Zango (set) kashi ne na karawar, kowanne kuma ya ƙunshi ƙananan wasanni (games). Ga shi tanis ba ya aiki da agogo.

A da, zangon ƙarshe a Wimbledon ba ya ƙarewa sai ɗaya ya ba da tazarar ƙaramin wasa biyu. Shi ya sa a 2010 John Isner da Nicolas Mahut suka kwashe awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, zangon ƙarshe ya tashi 70-68. Isner ya ci, amma jikinsa ya mutu, washegari aka fitar da shi.

Tun 2022, idan zangon ƙarshe ya kai 6-6, bugun raba gardama na maki 10 ake yi. Gyaran ya yi, amma don Allah kada a taɓa zango biyar ɗin. Ba don shi ba, da Carlos Alcaraz ɗan Sifaniya bai farfaɗo ya doke Jannik Sinner ɗan Italiya a wasan ƙarshe na Faransa a 2025 ba, bayan an ci shi zango biyu.