Me ya sa muryar Tarayyar Turai ta fi ta Tarayyar Afirka nauyi a duniya?

Tambaya: Tarayyar Afirka na da ƙasashe 55, Tarayyar Turai kuwa 27 kacal. To me ya sa idan Turai ta yi magana manyan ƙasashe ke saurara, amma matsayar Afirka sau da yawa a takarda take ƙarewa?

Amsa: Malam, ba yawan mambobi ke ba ƙungiya nauyi ba. Abin dubawa shi ne wane iko ƙasashen suka yarda suka cire daga hannunsu suka damƙa mata.

Mu fara da ciniki. Ƙasashen Tarayyar Turai sun miƙa wa hukumar zartarwarsu ikon tattauna yarjejeniyar kasuwanci da ƙasashen waje. Jamus, duk ƙarfinta, ba ta da hurumin zama ita kaɗai da Sin ko Amurka ta tsayar da kuɗin fito. Baki ɗaya ke ciniki a madadin kasuwa mai mutum kusan miliyan 450. Kuma yawancin irin wannan shawara da rinjaye na musamman ake yanke ta: kashi 55 cikin ɗari na ƙasashen, wato 15 cikin 27, muddin suna ɗauke da kashi 65 na jama'ar tarayyar. Ƙasa ɗaya ba ta isa ta tsayar da tafiya ba. Shi ya sa da tarayyar ta kafa dokar cajar waya iri ɗaya, kamfanin Apple ya mayar da wayoyinsa na iPhone kan wannan nau'in caja, wato USB-C, a 2023, kuma a duk duniya ya yi hakan, don babu kamfanin da zai yarda ya rasa wannan kasuwa.

Amma a harkar yaƙi da ta takunkumi, ita ma Turan rarrauna ce, domin a nan sai kowace ƙasa ta amince. A 2003 Birtaniya da Sifaniya sun bi Amurka kan yaƙin Iraƙi, Faransa da Jamus suka ƙi. A Disamban 2023 Hangari ita kaɗai ta riƙe tallafin yuro biliyan 50 ga Yukiren har zuwa Fabrairun 2024.

Tarayyar Afirka, wadda ta gaji Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka (OAU) a 2002, kusan a kowane fanni haka take. Shugabanni na cimma matsaya a Addis Ababa, amma babu abin da ke tilasta wa jakadan wata ƙasa ya bi ta ranar ƙuri'a. A 2011, tarayyar na neman sulhu a Libiya, sai ga Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon sun goyi bayan ƙuduri mai lamba 1973 a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ƙungiyar tsaro ta NATO ta dogara da shi ta kai hare-hare. Tun 2005 Afirka ke neman kujeru biyu na dindindin a kwamitin, amma har yau ba a daidaita kan waɗanda za su hau su ba, kuma wannan na ba masu jan ƙafa uzuri.

A ganina babban ciwon shi ne kuɗi. Mai abu da abinsa: wanda ya biya kuɗin sojojin kiyaye zaman lafiya shi ke faɗin inda za su je da ranar da za su dawo. A taron Kigali na 2016 an amince kowace ƙasa ta ɗora harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan wasu kayan da ake shigowa da su daga wajen nahiyar don ciyar da tarayyar. Ƙasashe da dama ba su aiwatar ba, don haka har yanzu manyan ayyuka na jiran masu ba da tallafi.

An dai samu ci gaba. A Satumban 2023 tarayyar ta zama cikakkiyar mamba a G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, kuma an buɗe kasuwanci a hukumance a ƙarƙashin yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar ranar 1 ga Janairun 2021. Sai dai a lura, wannan yarjejeniya tsakanin ƙasashen Afirka kawai take rage kuɗin fito, ba ta kafa kuɗin fito na bai ɗaya kan kayan waje ba. Saboda haka ne a Disamban 2023 Kenya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai ita kaɗai, ƙasa ɗaya a gaban 27.