Abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali

Wani ɗan kasuwa daga Gusau ya ce ya ga fawa banki (batirin cajin waya na tafi-da-gidanka) a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, an rubuta mata 50,000 mAh, wato yawan cajin da take riƙewa, girmanta bai wuce tafin hannu ba, kuɗinta kuma bai kai na mai 10,000 ta kamfanin kirki ba. Yana tambaya ko ya kamata ya saya.

Alhaji, ka riƙe kuɗinka. Masu talla da Turanci suna da wata ɗabi'a: sai su zaɓi fa'ida guda ɗaya ta kaya su yi ta kururuta ta har ka manta da sauran. Wani masanin talla Ba'amurke, Rosser Reeves, shi ya yaɗa wannan koyarwa a littafinsa na 1961, cewa kowace talla ta riƙe alfanu ɗaya da abokan hamayya ba su da shi. To, masu jabu sun ɗauki kururutawar sun watsar da gaskiyar. Lambar nan da ta ja hankalinka ita ce tarkon. Ɗaga ta a hannunka tukuna. Ta gaske mai 20,000 ma tana kai wajen giram 400, ina ga mai 50,000? In ka ji ta sakayau, ƙarya ce, amma ko ta yi nauyi kada ka saki jiki, wasu har yashi suke zubawa ciki. Ko ta gaskiyar ce, batirin cikinta bolt 3.7 ne, waya kuwa 5 take karɓa, don haka wajen kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta ne zai shiga wayarka. Batirin banza yana kumbura, yana kama wuta, kuma a ɗakin da yara ke kwana ake jona shi.

Wani saurayi daga Zariya yana tambaya ko kyamarar waya mai megafiksel 108 (ma'aunin yawan ɗigogin hoto) ta fi kowace kyau. Haba ɗan'uwa, ai kana da ido. Ɗauki hoto da ita bayan magariba a shagon, ka duba da kanka.

Wata uwa daga Maraɗi ta ce hankalinta ya tashi, ta sayo wa jaririnta maganin zazzaɓi daga Kano don an rubuta yana aiki nan take, tana tambaya ko ta ba shi. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, kin kyauta da kika tambaya kafin ki ba shi. Duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar da zai lalace, in akwai wurin kankarewa ki kankare ki tura lambar ta saƙon waya kamar yadda aka rubuta a kwalin, don ki san ko na gaske ne. Zazzaɓin jariri kuwa asibiti ake kai shi a gwada jini, yau ɗin nan.