Tambaya da Amsa: Doc Counsilman, malamin ninƙaya na Jami'ar Indiyana

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan wata duk sun shafi mutum ɗaya, wato James Counsilman, wanda ya shekara 33 yana horar da 'yan ninƙaya a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Na haɗa su wuri guda ne domin amsar kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta haske.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya. Malaminmu ya ambaci wani Ba'amurke mai suna Doc Counsilman, ya ce duk mai koyar da ninƙaya a yau yana cin gajiyar aikinsa ko da bai taɓa jin sunansa ba. Wane ne shi, kuma me ya yi har ya cancanci wannan yabo? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malaminku bai yi ƙari ba ko kaɗan. An haifi Counsilman a ranar 28 ga Disamba, 1920, a Birmingham ta jihar Alabama, amma a birnin St. Louis ya tashi, kuma a can ne ya fara iyo. Ya shiga Jami'ar Jihar Ohayo, inda ya yi suna a salon iyon kwaɗo a hannun koci Mike Peppe, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu. Ya zama matuƙin jirgin yaƙi samfurin B-24, ya fita kai farmaki sau 32, kuma da aka harbi jirginsa ya yi saukar gaggawa da shi a ƙasar Yugoslabiya, mutanensa suka tsira. Bayan yaƙi ya koma makaranta, ya ci gaba har ya sami digirin digirgir a Jami'ar Iowa a 1951, inda bincikensa ya shafi yadda jikin mai iyo yake tura kansa gaba a cikin ruwa. Daga wannan digiri ne laƙabin Doc ya samo asali, wato dakta a taƙaice.

Aikinsa na farko a matsayin babban koci a wata ƙaramar kwalejin horar da malamai ne da ke Cortland, a jihar New York, daga 1952. Ina so ka lura da abin da ya faru a wurin, domin a ganina shi ne ma'aunin mutumin na gaskiya. Wani ɗalibi mai suna George Breen ya zo hannunsa ba tare da wani tarihin gasa ba, a shekarun da sauran zakaru suka riga suka daɗe da gogewa. Cikin 'yan shekaru Breen ya je wasannin Olamfik na 1956 a Melbourne, ya kafa tarihin duniya a tseren mita 1500 a zagayen share fage, ya koma gida da lambobin yabo. Kocin da ya ɗauki ɗanyen yaro a makarantar da ba a san ta da ninƙaya ba, ya kai shi wannan matsayi, ya nuna cewa akwai abin da ya sani wanda sauran ba su sani ba.

A 1957 Jami'ar Indiyana da ke garin Bloomington ta ɗauke shi. Don ka fahimci nauyin abin da ya yi a can, sai ka san yadda tsarin yake. Jami'o'in Amurka suna fafatawa a ƙarƙashin hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasar, wato NCAA, ɗalibi yana da 'yan shekaru kacal na yin gasa, kuma kofin ƙasa ana cin sa ne da jimillar makin da dukkan 'yan wasa suka tara, har da masu tsunduma daga kan dakali. Gwani ɗaya ba ya ciyo kofi, kuma duk gwanin da ka raina zai kammala karatu ya tafi. Duk da haka Indiyana ta ci kofin NCAA na maza sau 6 a jere, daga 1968 zuwa 1973, abin da har yau babu jami'ar da ta maimaita a babban rukunin maza. A 1974 da maki ɗaya tak Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta ƙwace shi. A rukunin jami'o'in yankinsu da ake kira Big Ten kuwa, sun riƙe kambu shekara 20 ba yankewa, daga 1961 zuwa 1980, sannan sun yi nasara a karawar gaba-da-gaba tsakanin jami'o'i biyu sau 140 a jere. Adalci ne a ambaci abokin aikinsa Hobie Billingsley, kocin masu tsunduma, domin makin yaransa ya shiga cikin waɗannan kofuna. Da ma kofunan sun iya fin haka, sai dai a farkon shekarun 1960 an hana jami'ar shiga gasar NCAA saboda laifin da sashen ƙwallon ƙafar Amurka ya yi, hukuncin ya faɗa wa 'yan ninƙaya a daidai lokacin da suke da ƙarfi ƙwarai.

Sau biyu aka ɗora masa jagorancin tawagar mazan Amurka a Olamfik. A Tokiyo a 1964 sun ci zinare 7 daga cikin 10, a Montiriyal a 1976 kuma suka ci 12 daga cikin 13, ɗayan da ya kuɓuce musu David Wilkie na Birtaniya ne ya ɗauke shi a tseren mita 200 na iyon kwaɗo. A wannan gasa ce ɗalibinsa Jim Montgomery ya zama mutum na farko da ya yi mita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 50, inda agogo ya nuna 49.99.

Tambaya: Na ji an ce shi ne ya horar da Mark Spitz. Ashe ba sa'a ya yi ba da ya sami yaro mai baiwa irin wannan? Kuma shin ya fi duk kociyoyin jami'a cin kofuna? (Wata mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Malama, gaskiya ne Spitz ya zo Indiyana da baiwarsa da tarihin duniya a hannunsa, kuma wasu kociyoyi a Kalifoniya, George Haines da Sherm Chavoor, suna da babban kaso a gina shi. Amma ki duba halin da ya iso a ciki. A Olamfik na 1968 a Meksiko an sa ran zai kwashe zinare 6, sai ya tashi da 2 kawai, dukkansu a tseren haɗin gwiwa, da azurfa ɗaya da tagulla ɗaya. Ga yaro mai shekara 18 da duniya ta zuba wa ido, wannan faɗuwa ce mai karya zuciya, kuma ana yi masa kallon mai girman kai wanda ba ya jituwa da abokan wasa. A farkon 1969 ya shiga Indiyana. Aikin Counsilman a kansa ya fi karkata ga natsar da hankalinsa da shigar da shi cikin jama'a, har ya kai ga zama ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar. A 1972 a Munik ya ci zinare 7, kowanne da sabon tarihin duniya, kuma sai a 2008 Michael Phelps ya zarce shi da 8. Ki sani kuma cewa Indiyana ta riga ta ci kofinta na farko kafin Spitz ya zo, da su Charlie Hickcox wanda ya ci zinare 3 a Meksiko, ta kuma sake ci bayan tafiyarsa.

Game da yawan kofuna, amsar ita ce a'a. Eddie Reese, tsohon kocin Jami'ar Texas, ya ci kofin NCAA sau 15, malamin Counsilman ɗin kansa, Mike Peppe, ya ci sau 11. Idan lissafin kofuna ake yi, sun fi shi. Dalilin da ya sa ni nake sa shi gaba yana cikin amsar tambaya ta gaba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina koya wa yara iyo a wani tafkin ninƙaya na otal, ba ni da kayan aiki na zamani. An ce wannan mutum ya mayar da ninƙaya kimiyya. Me ake nufi da hakan, kuma akwai abin da mai ƙaramin ƙarfi irina zai ɗauka? (Mai koyar da iyo daga Jos)

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, kuma tambayarka ta fi ba ni sha'awa. Kafin zamanin Counsilman, yawancin kociyoyi suna koyar da abin da aka koya musu ne, suna tsaye a bakin ruwa suna kallon abin da ke fitowa sama. Matsalar ita ce, aikin da ke tafiyar da mai iyo a ƙarƙashin ruwa yake faruwa, inda idon koci ba ya kaiwa, kuma ko zakaran kansa sau da yawa bai san abin da hannunsa yake yi ba. Sai Counsilman ya shiga ruwan da kyamara. Ya riƙa ɗaukar fim ɗin gwanaye daga ƙasa da gefe da gaba, wani lokaci ya ɗaura musu ƙananan fitilu a hannu ya kashe hasken wurin, domin hanyar da hannu yake bi ta fito a hoto kamar zane. Abin da ya gani ya saɓa wa koyarwar lokacin: hannun gwani ba ya tafiya a miƙe daga gaba zuwa baya kamar filafilin kwalekwale, yana lanƙwasawa ne a gwiwar hannu, gwiwar tana sama, tafin kuma yana karkata ciki da waje.

Ya bayyana wannan da ƙa'idar Bernoulli, wadda ake amfani da ita wajen bayanin yadda fiffiken jirgi yake ɗaga shi sama, kuma ba abin mamaki ba ne tsohon matuƙin jirgi ya yi tunanin fiffike. A nan dole in faɗa maka gaskiya: masu binciken da suka biyo baya, musamman daga shekarun 1990, sun nuna cewa an kambama wannan ƙarfin ɗagawa, kuma tura ruwa baya shi ne babban abin da ke kai mai iyo gaba. Wannan bai rage masa daraja a idona ba, domin da irin hanyar da shi ya buɗe, ta ɗaukar hoto da awo da gwaji, aka gano kuskuren. Littafinsa The Science of Swimming, wanda ya fito a 1968 kuma aka fassara shi zuwa harsuna fiye da 20, shi ya kai wannan ɗabi'a ta bincike ga kociyoyin ƙasashen da bai taɓa horar da ɗan wasansu ba. Bai ɓoye abin da ya gano ba, har ga abokan hamayyarsa.

Abin da za ka ɗauka kai tsaye shi ne horo mai hutu a tsakani. Masu tseren gudu a Jamus suka fara shi, a hannun koci Woldemar Gerschler, Counsilman kuma yana cikin waɗanda suka daidaita shi ga ruwa. Maimakon yaro ya yi ta iyo mai tsawo a hankali, sai a yanka nisan gunduwa-gunduwa, a yi kowace da sauri, a huta kaɗan, a sake. Zuciya da huhu suna ƙarfafa ne idan aka matsa musu aka sassauta, aka sake matsawa kafin su gama hucewa. Don wannan ne ya ƙera babban agogon bakin ruwa mai hannun daƙiƙa, wanda kowane ɗan wasa zai ɗaga kai ya gani, ya san lokacin da ya yi da lokacin da zai sake tashi ba sai koci ya kira shi ba. Yau da wuya ka shiga wurin horo a duniya ba ka ga irinsa ba. Kai ma agogon bango mai babbar fuska ya ishe ka. Ka ce wa yaranka, alal misali, su haye tafkin sau 8, suna tashi a farkon kowane minti, ka rubuta lokacin kowa a littafi, bayan wata guda ka gwada. Wayar hannunka kuma, idan ka sa ta a jakar da ruwa ba ya shiga, za ta nuna maka hannun yaro a ƙarƙashin ruwa fiye da yadda kyamarorinsa na farko suka nuna masa.

Sauran abubuwan da ya kawo ko ya yaɗa sun haɗa da motsa jiki a tudu da ɗaga nauyi, a lokacin da ake tsoron hakan zai sandarar da jikin mai iyo, da wani benci da ake kwanciya a kai ana jan igiya kamar ana iyo. Akwai kuma horon rage yawan numfashi, wanda nake gargaɗinka da babbar murya kada ka gwada shi a kan yara, kada kuma ka bar su su yi gasar riƙe numfashi, domin mutum yana iya suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba.

Wani ɓangaren da ba ya buƙatar ko kwabo shi ne mu'amala. Ya san horon ninƙaya yana da gundura, safe da yamma fuska a cikin ruwa, don haka yakan raba alewa ga waɗanda suka cika lokacin da ya gindaya, kuma shi da matarsa Marge sukan tara 'yan wasan a gidansu su ci abinci tare. Yana yi wa ɗan wasa bayanin dalilin kowane horo, saboda ya yi imani cewa wanda ya fahimci dalili ya fi jurewa.

Tambaya: Da gaske ne ya ƙetare teku tsakanin Ingila da Faransa da iyo bayan ya tsufa? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa. A watan Satumba na 1979, yana da shekara 58, ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin ƙasashen biyu cikin awa 13 da 'yan mintoci, kuma a lokacin babu wanda ya kai shekarunsa da ya taɓa yin haka. Mashigin ya kai kimanin kilomita 33 a inda ya fi ƙunci, amma igiyar ruwa tana karkatar da mai iyo har nisan da zai yi ya zarce haka, ga sanyin ruwan da ke kayar da matasa masu ƙarfi. Ya shirya kansa da irin tsarin da yake ɗora wa ɗalibansa, yana so ya nuna cewa jikin dattijo yana karɓar horo fiye da yadda ake zato. Wasu sun zarce shi a shekaru daga baya.

Ya bar aikin horarwa a 1990, ya yi doguwar jinya da cutar karkarwar jiki ta Parkinson, ya rasu a Bloomington a ranar 4 ga Janairu, 2004, yana da shekara 83. Wurin ninƙayar da 'yan wasan Jami'ar Indiyana suke gasa a cikinsa yanzu yana ɗauke da sunansa tare da na Billingsley.