Zan sayi tsohon injin yankan katako, wace wuta za ta ɗauke shi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Injiniya. Na san filin nan na waya ne da kwamfuta, amma matsalata ta lantarki ce, shi ya sa na kawo ta nan. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina taɓa kafinta a gida ranakun hutu. Na ga injin zarto mai tebur guda biyu a wajen masu kayan tokumbo. Na farko Craftsman ne, an rubuta 115/230V, 60Hz, 1PH a jikin motonsa. Na biyu Wadkin ne, ya fi girma da nauyi, an rubuta 240/415V, 50Hz, 3PH, kuma mai shi ya ce zai sakar min shi da sauƙi saboda ba mai wutar da za ta tayar da shi. Wutar NEPA gare ni da ƙaramin janareta. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kowace tambaya da ta shafi soket tana da gurbi a filin nan. Ka kuma kyauta da ka kwafo rubutun jikin moton, domin a nan cinikin yake. Mutane da yawa fenti suke kallo, su biya, su sa a ɗauko musu a a-kori-kura, sai sun isa gida su tarar da injin da ba ya jin yaren wutarmu.

In ni ne, Wadkin ɗin zan ɗauka, muddin ƙarfensa lafiya lau. Ga dalili.

Craftsman ɗin kayan Amurka ne. Kamfanin Sears ne ya riƙa sayar da su, kuma in lambar injin ta fara da 113, Emerson Electric ne ya ƙera shi. Inji ne mai kirki na gida, motonsa a rataye ta baya, bel ɗaya ke jansa. To amma wutar gidajen Amurka 120V ce mai bugawa sau 60 a daƙiƙa, wato 60Hz, tamu kuwa 230V ce mai bugawa sau 50, wato 50Hz. Maganar bolt, wato V ɗin da ke nuna ƙarfin wuta, mai sauƙi ce. Tunda an rubuta 115/230, mai wayarin zai buɗe ɗan akwatin da ke jikin moton ya sauya haɗin wayoyin bisa zanen da ke murfin, shi ke nan ya koma 230, ba sai ka sayi taransifoma ba. Maganar 60Hz ce ba ta da magani mai arha. Taransifoma ba ya canza ta, sitabilaiza ma haka, ko me mai shago zai gaya maka. Moton da aka yi don ya juya sau 3,450 a minti, a wutarmu wajen 2,850 zai yi. Kashi ɗaya cikin shida na gudunsa da na ƙarfinsa ya tafi, sannan zai riƙa ɗaukar zafi fiye da yadda aka tsara masa, saboda 230V a kan 50Hz ta yi wa kwayil ɗinsa yawa. Abin da ya dace da shi a nan bai wuce 190 zuwa 200 ba. Abin dariya, unguwannin da wutarsu ba ta cika kaiwa 230 ba su suka fi yi wa irin wannan moton adalci. Zai yi aiki, ban ce ba zai yi ba. Filawud da farin katako zai yanka su ba gardama. Amma ranar da ka tura masa madaci mai kaurin inci biyu a watan Afrilu, za ka ji ƙaurin kwayil.

Wadkin kuwa ɗan Ingila ne, daga garin Leicester, an yi shi don shagunan kafintoci da makarantun koyon sana'a, a kan 50Hz irin tamu. Abin da ya karya masa daraja a kasuwa, wato 3PH ɗin nan, wuta mai layi uku da masu wayarin ke kira tiri-fes, shi ne ribarka. Akwai wata 'yar na'ura da ake kira VFD, ba ta fi girman burodi ba. Tana karɓar wutar gida mai layi ɗaya 230V, ta mayar da ita layi uku 230V. Sharaɗin shi ne moton ya yarda da 230 ko 240, kuma naka ya yarda, tunda an rubuta 240/415. A cikin akwatin moton za a ga kusoshi shida da 'yan faranti uku na tagulla. In an jera farantan a kwance sun haɗe kusoshi uku na gefe ɗaya, haɗin 415 ke nan. A tsayar da su, kowane faranti ya haɗa kusar sama da ta ƙasa, ya koma 240. Wasu tsofaffin motocin Ingila 415 kaɗai aka rubuta musu, wayoyi uku kawai ke fitowa. Irin waɗannan sai an kai wa ƙwararren mai naɗin kwayil ya tono mahaɗar daga ciki, don haka ka buɗe akwatin ka ƙirga da idonka kafin ka biya.

Babban amfanin VFD a ƙasarmu shi ne yadda take tayar da moto. Moton da aka jona kai tsaye yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na wutar da yake ci a daƙiƙun farko. Da doki ake auna ƙarfin moto, doki ɗaya wat 746 ne, to mai doki ɗaya da rabi da ke cin kamar ampiya 9 yana iya fizgar sama da 45 a lokacin tashi. Wannan fizgar ce ke sa janareta ya yi tari ya mutu, ko fitilun gida su dushe. VFD kuwa a hankali take ɗaga gudun, cikin daƙiƙa huɗu ko biyar yadda ka saita, fizgar ta zama ba ta taka kara ta karya ba. Ƙaramin janaretan nan na fitila da fanka dai ka cire shi daga lissafi, ko da VFD ko babu. Janareta mai 5kVA na gaskiya, mai AVR, wato abin da ke daidaita ƙarfin wutarsa, zai riƙe moton doki biyu ta hanyar VFD, ya kuma tayar da Craftsman ɗin kai tsaye. Na ce na gaskiya ne saboda lambar da ake mannawa a tankin wasu janaretocin ado ce.

Sharuɗɗan VFD kaɗan ne amma ba a wasa da su. Ka sayi wadda ampiyarta ta ɗara ta moton. Kada a sa makunni ko bireka tsakaninta da moton, maɓallan kunnawa da kashewa a jikin ƙananan wayoyinta ake haɗa su. A sa ta cikin akwati mai shan iska nesa da garin katako, domin ƙura da zafi su ke kashe ta. Kada a saita ta ta tsayar da zarto farat ɗaya. Kuma ba ta aiki da moto mai layi ɗaya mai kafasita, wato ba za ta ceci Craftsman ɗin daga matsalar 60Hz ba.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wajena. Tsofaffin injinan gida na Amurka da yawa makunninsu irin na fitila ne, in ka danna yana nan a danne. A ce kana tsakiyar yanka aka ɗauke wuta. Ka ja tsaki, ka sa hannu kana zaro katakon daga bakin zarto, sai aka dawo da ita. Zarto mai inci goma da ke juyi 4,000 a minti, haƙoransa gudun kusan kilomita 190 a awa suke yi. Dole a sa makunni mai maganaɗisu, wanda da an ɗauke wuta yake sakin kansa, ba ya sake kamawa sai ka danna kore. Masu kayan wuta sun san shi da sitata. In VFD ce, a shiga saitinta a tabbatar ba ta tashi da kanta in wuta ta dawo.

Waya kuma ta zama tasa shi kaɗai daga allon bireka, mai kaurin 2.5mm in moton bai wuce doki biyu ba, 4mm in ya kai uku ko shagon yana da nisa. Banda ƙaramar wayar jan wuta ta caji. Jikin injin ƙarfe ne gaba ɗaya, a ɗaure shi da wayar ƙasa.

Shi kuma ƙarfen, kada tsatsar saman tebur ta tsorata ka, samfefa da ɗan kananzir sun ishe ta. Je ka da tocila ka leƙa ciki. Tsagewa a ƙarfen zubin da ke riƙe sandar zarto ita ce aibin da za ka bar inji saboda shi, walda ba ta cika riƙe wurin ba. Cire bel ka juya sandar da hannu. In ka ji gurzo, boris ne, ana samunsa, lambarsa tana jikinsa, sai dai ka nemi ragi. In sandar kanta tana rawa, ka haƙura. Juya hannun ɗagawa da na karkatarwa har ƙarshe, ka duba ko akwai haƙorin da ya karye a jikin giyarsu. Ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kan teburin ka ga ko haske na wucewa ta ƙasa. Sai katangar da katako ke bi: kulle ta, ka tura ta da hannu, bai kamata ta motsa ba. Ka kuma tambayi wuƙar bayan zarto, wannan lanƙwasasshen ƙarfen da ke hana katako matse zarto ya harbo maka shi a ciki. Injinan Turai sun daɗe da ita, amma masu su na farko sukan kwance ta su yar. In babu, maƙeri zai yanko maka wata daga farantin ƙarfe, kaurinta ya ɗara jikin zarton kaɗan amma kada ya kai faɗin yankan haƙoransa.

TAMBAYA: Injiniya, ina da sola da inbata 3.5kVA. Ɗan'uwana ya turo min Delta Unisaw mai doki uku, 230V, 60Hz, layi ɗaya. Za ta iya?

AMSA: Ba za ta iya ba, Alhaji. Injin da ka samu mai asali ne, tun 1939 ake ƙera samfurin, kuma ana samun kayan gyaransa har yau. Amma mai doki uku yana cin ampiya 13 zuwa sama yana cikin aiki, wato ya kusa cinye inbatar tun kafin a zo maganar fizgar tashi. Ko dai ta yi ƙara ta kashe kanta, ko wata rana ta ƙone. Ka bar sola wa fitilu da firji, shi ka ba shi NEPA ko janareta daga 8kVA zuwa sama. In kana tunanin canza masa moto da na 50Hz, ka sani moton Unisaw yana da kunnuwan ɗauri nasa na daban, na kasuwa ba ya zama sai an ƙera masa mazauni.

TAMBAYA: Na sayi sabon zarto, raminsa ya fi sandar injina faɗi. Zan iya ɗaure shi haka?

AMSA: A'a. Sandar yawancin injinan Amurka inci 5/8 ce, kusan milimita 16, zartunan Turai kuwa yawancinsu ramin milimita 30 gare su. Akwai zoben cike giɓi da ake sayarwa don wannan, in ba ka samu ba mai injin gurzar ƙarfe zai fitar maka da shi. Ya shiga ramin cif, kaurinsa kada ya wuce na jikin zarton, in ba haka ba faifan matsewa zoben za su kama su bar zarton yana sulɓi.