Ga 'yar'uwar da za ta kai yara bakin teku

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce za ku tafi hutu bakin teku da yara uku, gabanki sai faɗuwa yake, dangin maigida na cewa kin cika tsoro, kuma kina son shiga aikin sa-kai na taimakon gaggawa amma ba ki san ko mai yara za ta iya ba. Wallahi kamar bakina kika ara. Ki shiga. In da hali ki karɓi horon tun kafin tafiyar, ko na yini ɗaya ne, kuma kada kowa ya sa ki ji kunyar tsoronki.

Ni ma dangi muka tafi da su, manya sun fi yara yawa. Autana yana shekara huɗu a lokacin. Na tashi zan canza wa yayarsa kaya, na kama hannunsa na danƙa wa ƙanin maigidana, na ce ga shi nan, kada ka ɗauke ido a kansa. Ya ce, "Ba komai Anti, je ki abinki." Da na dawo ban ga yaro a gefensa ba. Yana tsaye ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyon igiyar ruwa.

Can na hango ɗana, a wurin da ruwan bai wuce ƙugun babba ba. Ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu. Kansa ya karkata baya, bakinsa na nutsewa yana fitowa, idonsa a buɗe, hannuwansa na danna ruwa a gefe. Mutane na wasa dab da shi, babu wanda ya gane. Ni kuwa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, muryata ta maƙale. Wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba ita ta shiga da kayan jikinta ta ciro shi. Ta shimfiɗe shi a kan yashi, ta kara kuncinta a bakinsa tana duban ƙirjinsa, ta ce yana numfashi, ta juya shi ya kwanta a gefensa, ya yi ta amai. Wani ya zo zai danna masa ciki wai ruwan ya fito, ta daka masa tsawa. Har yau ina ganin yashin da ya manne a leɓen yaron nan da yadda yatsunsa suka yi sanyi a hannuna. Ita ta dage sai mun kai shi asibiti duk da ya farfaɗo, ta ce wanda ya shaƙi ruwa numfashinsa na iya rikicewa bayan wasu awanni. Daga baya take gaya min 'yar sa-kai ce.

Shi kuwa ƙanin maigidan nawa, kin san me ya ce? "To ai ba abin da ya same shi." Ko sannu babu. Da daddare ina jinsa yana dariya yana nuna wa mutane bidiyon. Surukata ta ce in bar maganar, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma amana na ba shi, hannu da hannu. Har gobe bai ba ni haƙuri ba, kuma in an taru ni ake kallo a matsayin mai riƙo. Muna gaisawa, ba na gaba da kowa, amma ko ɗan kyanwa ba zan sake bar masa ba.

Shi ya sa nake roƙonki, kada ki yarda da "ai muna da yawa, kowa na kallonsu". In kowa na kallo, babu mai kallo. A ware mutum ɗaya, a kira sunansa, ya ajiye waya, ya tsaya inda hannunsa zai kai ga ƙaramin yaro, in ya gaji ya miƙa wa wani da baki. Wanda ke nutsewa ba ya samun numfashin da zai yi ihu da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware ranar 25 ga Yuli don wannan matsalar. Ki faɗa wa masu cewa kin cika tsoro.

Bayan mun dawo na daɗe ba na barci sosai. Abin da ya taimake ni shi ne ranar da na je horon taimakon gaggawa, na durƙusa gaban mutum-mutumin roba da ake koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya da shi, na ɗora hannu a tsakiyar ƙirjinsa na danna. Danna 30, hura numfashi 2, a yi ta maimaitawa, da saurin danna 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Wanda aka ciro daga ruwa ba ya numfashi, mu an koya mana a fara hura masa numfashi sau 5, domin iska ce ta yanke masa. Ga yaro, ƙirjin ya lotsa kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Kuma ki nuna mutum ɗaya da yatsa ki ce kai, kira motar asibiti, don in kika ce "a kira" kowa zai tsaya kallo. Amma don Allah kada ki ɗauka kin koya daga rubutuna. Sai hannunki ya yi, sai mai horarwa ya gyara miki gwiwar hannu. Ki nemi ƙungiyar agaji ta Red Cross ko Red Crescent, kusan kowace ƙasa akwai su.

Af, waɗannan tayoyin roba da ake hurawa, na tsane su. Iska in tana kaɗawa daga tudu zuwa teku, kafin ki farga ta ja yaro ciki. Rigar ceto ta gaske daidai jikinsa ta fi. Ku zauna inda akwai masu ceto, a shiga ruwa tsakanin tutoci masu ja da rawaya, in an kafa jar tuta kowa ya haƙura ko yara za su yi kuka har dare. Wurin da kika ga ruwan ya yi lumus babu kumfa a tsakanin igiyoyi, sau da yawa nan ne yake komawa ciki da ƙarfi. Ki gaya wa manyan yaranki da maigida, in ya ja mutum kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga jan. In kuma ba ki iya ruwa ba kada ki faɗa, ki jefa abin da ke yawo a kan ruwa ki yi ihu.

Maganar lokaci kuwa, ba zan ɓoye miki ba, akwai gajiya. Akwai ranar da za ki dawo daga wurin taro ƙafa a kumbure, ki tarar da wanke-wanke na jiranki. Maigidana da farko cewa ya yi me ya haɗa ni da aikin da ba a biya. Sai ranar da 'yarmu ta ƙone da ruwan zafi, na riƙe hannunta a ƙarƙashin famfo minti 20, na hana a shafa mata komai, ya tsaya yana kallona. Tun daga nan shi ke zama da yara in ina da aiki. Ba kullum ake ceton rai ba, yawanci ƙaramin rauni ne, ko wanda rana ta buga ya yanke jiki, ko yaro da ya ɓace wa uwarsa. Wannan ya tuna min, ki ɗauki hoton yaran da safe da kayan da ke jikinsu, ki nuna musu wurin da za su tsaya in sun rasa ku.

Ke za ki faɗi ranakun da za ki iya, ba wanda zai tilasta miki. Idan za ki yi rajista ki tambaye su ko horon ya haɗa da jarirai da ƙananan yara, don wani na manya kaɗai ne. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.